Kurakuran da ake yi wajen auna ƙarfin dutse kafin a haƙa ko a gina

Kuskuren da ya fi yawa wurin magina da masu haƙa a jihar Maradi shi ne a ɗauki ɓallin dutse, a buga masa guduma, ya ƙi fashewa, sai a ce ai wurin nan ƙarfe ne. Ɓallin da ke hannu dabam, dutsen da ke kwance cikin ƙasa dabam. Giranit, wato dutse mai tauri irin na kudancin jihar, wajen iyaka da Najeriya, yana jure dannin da ya wuce megafaskal 100 (ma'aunin ƙarfin danni) a ɗakin gwaji, amma in ana jansa ne, abin da yake jurewa bai fi kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Kuma ba daga tsakiyarsa yake karyewa ba, tsagogin da ke jikinsa yake bi.

Saboda haka tsaga ake fara dubawa: ina ta fuskanta, nawa ne tazararta da ta kusa da ita, me ya cika ta. Tsagar da ta karkato zuwa cikin rami, musamman mai yumɓu a ciki, ita ce ke zamo da bango gaba ɗaya. Gyaranta a kwantar da bakin ramin, a tokare bango, a janye ƙasar da aka fitar nesa da baki. Mutum 18 aƙalla ne suka rasu a Nuwamban 2021 da ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, yankin Ɗan Isa. Allah ya jiƙansu. Wannan kaɗai ya isa a daina raina tokara.

Sai kuskuren yin gwaji da rani kawai. Dutsen yashi, wanda shi ne ya fi yawa a ƙarƙashin Maradi, yana rage ƙarfi in ya jiƙe, ruwan da ya taru cikin tsaga kuma tura bango yake yi. A jiƙa samfurin kwana biyu kafin a gwada, a kuma sake duba ramin bayan kowane ruwan sama.

Marmara ma na yaudara. Sau da yawa ɓawo ce kawai, ƙarƙashinta yumɓu ko yashi. Haka dunƙulen dutse da ya saura cikin ruɓaɓɓen giranit: diga ta yi ƙara, a ɗauka an kai shimfiɗaɗɗen dutsen ƙasa, a zuba harsashin gini, alhali gefensa taushi ne, ginin ya nitse ta ɓangare ɗaya ya tsage. A haƙa ramin gwaji a kusurwoyin filin, a wuce ɓawon a ga abin da ke ƙasa. In ginin bene ne, ko kusa da Gulbin Maradi, a kira injiniyan ƙasa kafin a sayi siminti.