Yadda ake haɗa tankin tawada da firinta da kula da shi a yanayin Katsina

Duk mai shagon buga takardu a kusa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman ya san cewa idan lokacin haɗa kundin kammala karatu ya zo, tawada ce ke fara cinye riba. Ƙaramin katirij, wato ɗan akwatin tawada da ke cikin firinta, 'yan mililita kaɗan yake ɗauka, kuma kafin a gama aikin ɗalibai biyu ko uku ya ƙare. Wannan ne ya sa masu sana'ar suka koma wa tankin da ake ajiyewa a gefen firinta, wanda ke tura tawada ta siraran tiyo zuwa kan firinta, wato sashen da ke feso tawada a kan takarda, ana kuma ƙara masa daga kwalba. Tankin yana rage kuɗin tawada ƙwarai, amma yana ɗora wa mai shi aikin kula da kan firinta, wanda shi ne abu mafi tsada a cikin na'urar.

Wanda bai riga ya sayi firinta ba, shawarata ita ce ya nemi wadda ta zo da tankinta daga kamfani. Epson ta fara fitar da irin wannan a Indunusiya a shekarar 2010, kuma a yau akwai L3210 da L3250 nata, da G2411 da G3411 na Canon, da jerin Smart Tank na HP. Kwalbar tawada mai lamba 103 ta Epson tana ɗauke da mililita 65, kamfanin kuma ya ce baƙar tana buga shafi kusan 4,500, masu launi ukun a haɗe 7,500. Sai dai an auna wannan ne da shafukan gwaji, don haka mai buga katin biki da hoton fasfo kada ya sa ran kai wa nan. Wanda kuwa aikinsa baƙin rubutu ne zalla, rim bayan rim, firinta mai amfani da garin tawada da ake kira tona za ta fi masa sauri.

Idan firinta ce mai katirij za a ɗora wa tanki, a fara tabbatar da cewa lambar katirij ɗin da ya zo da tankin ta yi daidai da ta firintar, domin ɗan guntun lantarkin da ke jikinsa shi ne na'urar ke karantawa kafin ta yarda ta yi aiki. A kuma sani cewa wannan haɗi yakan soke garantin kamfani.

Kowane launi a tankin yana da ɗaki biyu: babba na tawada mai babban murfi, da ƙarami na iska mai ƙaramin murfi. Wajen cikawa, a toshe ƙaramin, a buɗe babban, a zuba tawada, a mayar da murfin, sannan a karkatar da tankin har tawadar da ta shiga ɗakin iska ta koma babban ɗaki, ya rage kaɗan kawai a ƙasansa. Bayan haka ne ake cire ƙananan murafen a sa matatun iska a gurbinsu. Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin idan aka bar ƙofar iska a toshe, firinta za ta buga 'yan shafuka lafiya, sannan rubutu ya fara dusashewa, mai shago ya ɗauka kan firinta ne ya lalace alhali tawada ce ta kasa sauka. Idan an ga dogon gibin iska a cikin tiyo, a sa sirinji a bakin katirij a ja a hankali har tawada ta fito ba kumfa.

Shimfiɗa tiyo yana buƙatar haƙuri. A cire wuta, a tura kan firinta da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a duba cewa tiyon bai ɗaure ba, bai lanƙwashe ba, bai kuma yi tsawon da zai maƙale a murfi ba, sannan a kafe shi da maƙallinsa.

Ƙa'idar da ba a sassauta ta ita ce tanki ya zauna a kan teburi ɗaya da firinta. Idan aka ɗora shi a kan rim ɗin takarda da nufin tawada ta ƙara gudu, za ta malale cikin na'urar ta ɓata aiki; idan kuma ya yi ƙasa, sai ta koma baya ta bar iska a tiyo. Yaron shago da ke share teburi da safe ya fi kowa buƙatar a faɗa masa wannan.

Batun tawada kuma, kada a gauraya iri biyu. Akwai ta rini mai narkewa cikin ruwa, wadda ke ba hoto haske amma ɗigon ruwa yana wanke ta, akwai kuma mai ƙwayoyin launi wadda ta fi jure ruwa da rana, ita ce ta dace da rasit da takardar shaida. Kan Canon da na HP da zafi suke feso tawada, ita ce kuma ke sanyaya su, saboda haka bugawa da busasshen tanki yana iya ƙona su. A ƙara tawada tun tana sama da layin ƙasa da ke jikin tanki.

Yanayin Katsina yana da nasa hukunci. Ƙurar hunturu tana toshe matatun iska tana kuma manne wa sandar da kai ke gudu a kanta, zafin Afrilu da Mayu kuwa yana busar da tawada a bakin ƙananan ƙofofin da kan firinta ke feso ta. A rufe firinta da ƙyalle idan an tashi, a nisanta tanki da taga mai rana, a kuma buga shafi mai launuka huɗu ko da sau biyu a mako, musamman lokacin hutun makarantu da ciniki ke ja baya. A riƙa kashe ta da maɓallinta, domin a lokacin ne kai ke komawa mazauninsa ya rufu. Idan an ɗauke wuta ana tsakiyar bugu, a kunna ta da janareta ko inbata ko na minti ɗaya ne don kan ya koma wurinsa.

Idan layi ya fara fitowa a bugu, a fara da shafin gwajin ƙofofi don a ga launin da ya yanke, sannan a ba firinta umarnin wanke kanta da ke bugawa sau biyu ko uku, a bar na'urar ta kwana kafin a sake. Kowane wanki yana zubar da tawada cikin soson da ke ƙasan firinta, kuma na'urar tana ƙirga abin da ya shiga. Ranar da ta tsaya ta ce soson ya cika, mai gyara zai iya mayar da ƙirgen sifili, amma a tsaya a ga ya canja soson ko ya fitar da tiyon sharar zuwa wata kwalba a waje.