Kurakuran da masu tara takubban tai chi suka fi yi, da yadda za a kauce musu

Takobin tai chi (wani salon motsa jiki da kare kai na ƙasar Sin), wanda Sinawa ke kira jian, miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, kuma kyansa na saurin ɗauke hankalin mai saye. Daga nan matsalar ke farawa. Mutum ya ga hoton kube mai ƙyalli, da zanen dodo a jikin mariƙi, da jan tuntu yana lilo, sai ya biya kuɗi bai tambayi komai game da abin da ke ciki ba. Alhali ƙarkon takobi yana inda ido ba ya kaiwa.

Abin da ya fi damuna shi ne wutsiyar ƙarfen da ke shiga cikin mariƙi. A takobin kirki, ruwan takobi da wutsiyarsa ƙarfe guda ne tun daga maƙera, mai faɗi, yana ratsa mariƙin har gindi. A na banza kuwa, ana yanke ruwan daidai bakin mariƙi, a liƙa masa wani siririn ƙarfe da walda, a ɗaure da noti a ƙarshe. Daga waje ba ka iya bambancewa. Amma wurin waldar nan shi ke ɗaukar duk nauyin sara, kuma ranar da ya karye, ruwan takobin fita yake yi ya tafi inda ya ga dama. Duk wanda ya taɓa ganin fartanya ta fice daga ƙota ana tsakiyar noma ya san irin haɗarin. Maganinsa ba wuya: ka nemi mai sayarwa ya kwance notin ya aiko maka da hoton wutsiyar tsirara. In ya fara kame-kame, ka bar masa kayansa. In takobin na hannunka, ka girgiza shi a hankali kusa da kunne. Duk wani ƙwas-ƙwas da ka ji alama ce wani abu bai zauna daidai ba.

Sai maganar ƙarfe. Da yawa suna ɗokin wanda ba ya tsatsa, suna ganin sun huta. Wannan ƙarfen ya dace da wuƙar kicin, amma idan aka ja shi ya kai tsawon santimita 70 ko fiye, ba ya jure duka, tsagewa yake yi maimakon ya lanƙwasa ya dawo. Masu ƙarko su ne nau'o'in ƙarfen da ake kira da lambobi, irin su 1060, mai kabon kusan kashi 0.6 cikin 100, da 1095 da T10 waɗanda suka fi tauri, da 65Mn da ake yin sifirin da shi. Sai dai lambar kaɗai ba ta wadatar. Yadda maƙeri ya gasa ƙarfen, ya tsoma shi a mai ko ruwa, sannan ya sake ɗumama shi don ya rage masa gautsi, shi ne ainihin aikin. 1060 da aka yi wa wannan aiki da kyau ya fi 1095 da aka yi wa gaggawa. Shi kuma zanen igiyar ruwa da ake gani a jikin wasu, ana cewa an ninke ƙarfen sau da yawa, wani lokaci da sinadari kawai aka zana shi a sama, goga kaɗan ya tafi.

Akwai kuma masu sayen takobin wushu, wasan dabarun faɗa na Sin, bisa kuskure, mai laushi kamar gwangwani, wanda ke kaɗawa yana ƙara in an soka shi a iska. An yi shi ne don gasa da nuna gwaninta, kuma yana da amfaninsa a can. Haka wanda ake naɗewa ya shige cikin kansa, da tsofaffi ke atisaye da shi a wuraren shaƙatawa na ƙasar Sin, musamman salon tai chi mai motsi 32 da aka tsara a 1957. Duka biyun ba kayan ajiya ba ne. Jian na gaske yakan kai wajen giram 700 zuwa 900, kuma in ka ɗora shi a kan yatsa, zai tsaya daidai a tazarar kamar faɗin tafin hannu daga mariƙi.

Suna ma yana yaudara. Birnin Longquan da ke lardin Zhejiang ya yi fice wajen ƙera takubba, har labarin gargajiya na danganta sana'ar da maƙeri Ou Yezi, kuma a 2006 gwamnatin Sin ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na ƙasa. Amma a garin akwai gwanayen da ke ɗaukar makonni kan takobi ɗaya, akwai kuma masana'antun da ke fitar da ɗaruruwa. Rubuta Longquan a jikin ruwan takobi, ko ɗigon tagulla bakwai masu wakiltar taurari, ba shaidar inganci ba ne. Ka tambayi sunan maƙerin da irin ƙarfen. Wanda kuma ya ce maka yana da takobin zamanin daular Qing ta Sin a farashi mai sauƙi, ka sani daular ta ƙare tun 1912, kuma Sin na da dokoki masu tsauri kan fitar da kayan tarihi. Yawancin irin waɗannan sababbi ne da aka tsufar da gangan.

Kuskuren da ya fi ban takaici shi ne na bayan saye, domin takobi mai kyau ne ake kashewa da hannu. Wasu na kafa hujja da takobin Goujian, wani sarki na zamanin da, da aka tono a lardin Hubei na Sin a 1965, wanda ya shafe fiye da shekara 2,000 bai lalace ba. Wancan na tagulla ne. Naka na ƙarfe ne, kuma sawun yatsa ɗaya da aka bari a jikinsa cikin damina ya isa ya zama tabon tsatsa. Duk lokacin da aka taɓa shi, a goge da tsumma mai laushi, a shafa man keken ɗinki kaɗan, ba har ya riƙa ɗiga ba. Kada a yi amfani da man gyaɗa ko manja, suna danƙarewa su yi wari. Kada a bar shi watanni cikin kuben fata, fata na riƙe danshi. A nan yankinmu hunturu ma na da nasa aikin: katakon kube da na mariƙi suna bushewa su tsuke, zobban tagulla su saki, wani sa'in katakon ya tsage. A nisanta shi daga taga da zafin rana, a riƙa duba notin gindi in iska ta juya, a ɗan matse shi ba da ƙarfi ba. In tsatsa ta riga ta kama, kada a kai wa mai wasa wuƙa ya ɗora a kan dutsen inji; mai da tsumma da haƙuri sun isa cire ta sama-sama, mai zurfi kuwa aikin gwani ne.

Kafin ka tura kuɗi waje, ka bincika ƙa'idar kwastan ta ƙasarka kan shigo da takobi, musamman mai kaifi, don kada ya maƙale a tashar jirgi.