Yadda ake tantance kifin kogo a sanya shi a rukuninsa

Masana sun rubuta nau'o'in kifi fiye da 200 da ke rayuwa a ruwan ƙarƙashin ƙasa, a koguna masu duhu, da tsagogin duwatsu, da gindin rijiyoyi. Kusan dukkansu kamarsu ɗaya: fari ko ja-ja, babu ido ko kuma idon ya ƙanƙance. Nan ɗalibai ke tuntuɓe, su ɗauka dangi ɗaya ne. Duhu ne ya yi musu tufa iri ɗaya, asalinsu kuwa daban-daban. Ɗalibi a Aliero ko masunci a Yauri na iya koyon aikin da kifin da ya saba gani kullum.

Mataki na farko, ka manta da ido da launi tukuna, ka nemi dangi. Shimfiɗa kifin a faranti da ɗan ruwa ka duba ƙirarsa. Yana da ɓawo ko jikinsa santsi ne? Gashin baki nawa? Fiffiken baya dogo ne ko gajere? Sayo tarwaɗa ɗaya a kasuwar Argungu ka ajiye a gefe: kai shimfiɗaɗɗe, gashin baki takwas, jiki babu ɓawo, fiffiken baya ya miƙe har kusa da wutsiya. Duk kifin da ya zo da wannan ƙira ɗan gidan tarwaɗa ne ko da fari fat yake. Haka Clarias cavernicola yake, wanda ba a same shi ko'ina ba sai kogon Aigamas a Namibiya. Idan kuma ka ga ɗan ƙaramin fiffiken tsoka tsakanin na baya da wutsiya, ga haƙora, ga ɓawo, ka karkata ga dangin kawara da tsage. Makahon kifin Meziko, Astyanax mexicanus, ɗan uwansu ne na nesa. Amma kada ka rataya hukunci a kan ɓawo kaɗai, domin Phreatichthys andruzzii na Somaliya daga gidan masu ɓawo ya fito, amma nasa ya ɓace.

Na biyu, yanzu ka dawo kan ido, kuma a nan ake son natsuwa. Abubuwa uku ke yaudarar mutane. Akwai zabiyar tarwaɗa, wadda masu kiwon kifi kan gani jefi-jefi: jikinta fari, amma idanunta na nan, jajaye, kuma tana gani. Akwai kifin da cuta ko ƙugiya ta makantar, za ka ga ido ɗaya ya yi hazo ko tabo, ɗayan lafiya lau. Sai kifin ruwan laka mai ƙananan idanu. Na kogo na gaske, gefe biyun daidai suke: ko dai idon ya ƙanƙance ƙwarai, ko fata ta rufe gurbin sumul babu tabo. Haska tocila daga gefe ka duba ko akwai ɗigon baƙi a ƙarƙashin fatar. Kuma kifi ɗaya ba hujja ba ne, sai ka ga siffar ta maimaitu a wasu daga wuri guda.

Abin mamaki a kifin Meziko shi ne ido yana fara tsirowa tun yana cikin ƙwai, sannan ya lalace fata ta rufe shi. Ido da sashen ƙwaƙwalwar da ke yi masa hidima suna cin abinci da yawa, a ƙaramin kifi har kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙarfin jiki. A wurin da abinci bai wuce kashin jemage da ɗan abin da ambaliya ta kwaso ba, wannan kuɗin ya yi tsada.

Na uku, launi. Ja-jan da kake gani jini ne ke bayyana ta cikin fata, musamman wajen kunnuwa. Rubuta ko akwai sauran ɗigo-ɗigon baƙi a baya, ka wuce.

Na huɗu, nemi abin da ya maye gurbin ido. Mutanenmu na bakin gulbi sun fi kowa kusa da wannan ilimi, domin ruwan Rima da damina duhu ne ga kifi. Tarwaɗa da kurungu da gashin baki suke lalube. Yauni kuwa, wanda wasu ke kira ɗan sarki, wutar lantarki mai rauni yake fitarwa ya gane abin da ke kewaye da shi. A jikinsa Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya gano wannan wuta a 1951. Kifin kogo ya fi dogara da layin nan da ya ratsa gefen jiki da ƙananan ramukan kai masu jin motsin ruwa, ga yawan gaɓoɓin ɗanɗano har wajen baki. Gwada shi a bokiti cikin ɗaki mai duhu: ka kaɗa tsinke a hankali a saman ruwa. Kifin gulbi yakan guje, na kogon Meziko yakan nufo wurin, don a gidansu motsi alamar abinci ce. Yana kuma tara kitse, barcinsa kaɗan. Na Somaliya har agogon jikinsa ya daina bin fitowar rana da faɗuwarta.

Na biyar, sanya shi a rukuni. Rukunan uku ne, kuma ma'auninsu shi ne dogaro da duhu. Akwai ɗan gida, wanda a can ake ƙyanƙyashe shi, a can yake mutuwa, irin Caecobarbus geertsii na kogunan Mbanza-Ngungu a Kwango da aka bayyana a 1921, ko Amblyopsis spelaea na Kentaki a Amurka tun 1842. Akwai mai gida biyu, da ke iya hayayyafa a ciki da waje. Sai baƙo, wanda ambaliya ta jefa ko ya shiga fakewa. A ganina mafi yawan abin da za a kawo maka da sunan abin al'ajabi baƙo ne ko zabiya, musamman da yake wasu kan jefa tarwaɗa a rijiya da gangan. Ka tambayi mai rijiyar kafin ka kira kowa.

Idan kifin ya tsallake duk waɗannan, ɗauki hotonsa ta gefe, ta sama da ta kai, da rula a kusa. Rubuta wuri, rana, zurfin ruwa da yadda aka kama shi. Yanki ɗan bakin fiffike ka sa a kwalbar sifirit mai ƙarfi don gwajin ƙwayoyin gado, wanda shi ke raba gardamar dangi. Kai wa sashen nazarin halittu na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa. Kada ka zuba taru ka kwashe: irin waɗannan kifaye ba su da yawa, ba sa haihuwa da sauri, wasu rami ɗaya ne duk duniyarsu. Ɗaya ko biyu sun isa bincike.