Fitilar cikin tsohuwar mota mai kamawa in an buɗe ƙofa

Salamu alaikum ƴan uwa, masu tsohuwar Peugeot 504 ko 404 da suke ta tambaya kan fitilar rufi da ta daina kamawa, ga yadda abin yake. Ampul ɗin kullum da kuran (wutar lantarki) 12 volt a jikinta, daga batir take ɗauka ta bi ta fizibil (ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa), ko an kashe kontak. Ɗan maɓallin da ke maƙale jikin ginshiƙin ƙofa mas kawai yake ba ta, wato yana haɗa ta da ƙarfen jikin mota, in ƙofa ta buɗe ya fito ya taɓa ƙarfen mota sai fitila ta kama, to don Allah kar wani ya kai mishi wayar kuran kai tsaye, nan take fizibil zai ƙone. Ƙofa biyu ko huɗu duk waya guda suke haɗuwa su koma ampul.

Kafin ka sayi sabon maɓalli, zare wayar da ke jikinshi ka taɓa ƙarfe da ita, in fitila ta kama to maɓallin ne ya lalace. Galibi ma tsatsa ce da ƙurar Maradi nan suka cinye gindin kusar da ke riƙe maɓallin, ka kankare har ƙarfe ya yi fari, ɗan shafa giris kaɗan. Amma cire kan batir na mas tukuna in za ka ja sabuwar waya. Wanda ya sa ampul irin ta LED ta ƙi kamawa ya juya ta kawai.