Yadda Ake Haɗa Gulab Jamun, Soyayyar Madarar Indiya, a Gida

Gulab jamun yana cikin kayan zaƙin da suka fi shahara a Indiya, Pakistan, Bangaladash da Nepal, kuma da wuya a yi bikin aure, ko bikin Diwali na mabiya addinin Hindu, ko Sallah a gidajen Musulmin yankin, ba a ajiye shi a gaban baƙi ba. Dunƙulen madara ne da ake soyawa har ya yi ja, sannan a tsoma shi cikin ruwan sukari mai ƙamshin kadamon (wani kayan ƙamshi mai 'yan ƙwayoyi a cikin kwanso) da wardi. Kayan haɗinsa ba su da yawa, sai dai abu ne da ba ya son gaggawa, domin kyansa ya rataya ne a kan sauƙin hannu wajen kwaɓi da kuma ƙaramar wuta wajen suya.

Masu sana'ar kayan zaƙi a Indiya, waɗanda ake kira halwai, da khoya suke yin sa, wato madarar da aka daɗe ana dafawa a faffaɗan kasko ana juyawa har ruwanta ya ƙone ta zama curi. Lita ɗaya ta madara mai maiƙo kan ba da kimanin giram 200 na khoya, kuma aikin yana cin lokaci sosai, shi ya sa gidaje da yawa a can suka koma amfani da garin madara. A ganina wannan hanyar ce ta fi dacewa da mai farawa, muddin garin madarar mai cikakken maiƙo ne, domin wanda aka cire wa maiƙo yakan ba da dunƙule mai tauri.

Za a tanadi garin madara kofi 1, fulawa rubu'in kofi, bakar hoda (baking powder, hodar da ke sa kwaɓi ya tashi) rabin ƙaramin cokali, soyayyen man shanu babban cokali 2, da madara ta ruwa kamar babban cokali 4 zuwa 5. Soyayyen man shanun da ake samu a kasuwanninmu shi ne abin da Indiyawa ke girki da shi, sai dai a zaɓi wanda ba a soya da albasa ba. Don ruwan sukarin kuwa, ana bukatar sukari kofi 2, ruwa kofi 2, ƙwayar kadamon 4 da aka ɗan daddaka, ƙaramin cokali ɗaya na ruwan wardi, da ɗigon lemon tsami. Mai hali yana iya ƙara 'yan zaren za'afaran.

Ruwan sukarin ake fara yi. A zuba sukari da ruwa da kadamon a tukunya mai faɗi, a bar su su tafasa na minti 6 zuwa 8, har sai in an ɗiga a faranti ya huce aka taɓa, an ji yana ɗan danƙo tsakanin yatsu amma ba ya jan zare. Kada a bari ya yi kauri, domin mai kauri a bayan dunƙulen yake tsayawa, ba ya ratsawa ciki. A ɗiga lemon tsamin don hana sukarin daskarewa, a sauke, sannan a zuba ruwan wardi a rufe, saboda ƙamshinsa yana gudu idan aka tafasa shi.

A kwano a gauraya garin madara da fulawa da bakar hoda, a zuba man shanu a murtsuke da yatsu har ya shiga ko'ina. Daga nan a riƙa zuba madarar cokali-cokali ana tattarawa a hankali, ba tare da an buga kwaɓin ko an danne shi ba, domin yawan murza yana sa fulawar ta yi danƙo, kuma abin da zai biyo baya shi ne tsakiya mai tauri. Da farko kwaɓin zai manne a hannu, amma kada a yi saurin ƙara gari. A rufe shi na minti 10, garin madarar zai shanye ruwan da kansa. Bayan haka a shafa man shanu a tafin hannu, a raba kwaɓin gida 15 ko 16, a mulmula kowanne har ya yi sumul. A duba kowane dunƙule da kyau: idan akwai tsaga ko da siririya ce, a cikin mai za ta buɗe, don haka a ɗan shafa madara a sake mulmulawa. A yi su ƙanana, domin suna kumbura a mai, su ƙara kumbura a ruwan sukari.

Wajen suya ne aka fi samun matsala. Wanda ya saba da suyar fanke dole ya rage wuta a nan, saboda madara tana saurin ƙonewa, kuma idan man ya yi zafi bayan zai yi duhu alhali cikin ɗanye ne, ɗanyen ciki kuwa ba ya shan sukari. Ana iya soyawa da man shanu, ko man gyaɗa, ko a haɗa biyun. A gwada man da ɗan guntun kwaɓi: ya kamata ya nutse, ya ɗan dakata a ƙasa da ƙananan kumfa a gefensa, sannan ya taso a hankali. Idan ya taso nan take, a rage wutar a jira. Yana da kyau a fara soya ƙwaya ɗaya tak. Idan ta wargaje, bakar hoda ta yi yawa ko kwaɓin ya yi ruwa, sai a ƙara ƙaramin cokali na fulawa.

A zuba kaɗan-kaɗan, kuma a farkon suya kada cokali ya taɓa su, a riƙa motsa man da ke kewaye da su yadda za su yi ta jujjuyawa da kansu, launin ya kama ko'ina daidai. Kowane zubi yakan ɗauki minti 7 zuwa 10 kafin ya yi ja sosai. A tsame, a bar man ya tsane na minti ɗaya, a tsoma su cikin ruwan sukarin yana da ɗumi, ba yana tafasa ba, domin tafasasshe yana sa su saki su lalace, mai sanyi kuma ba ya shiga.

A bar su a ciki na aƙalla awa 2, ana juya su lokaci-lokaci. Ana cin su da ɗumi, biyu ko uku a ƙaramin kwano tare da ɗan ruwan sukarin, wasu kuma sukan barbaɗa yankakken fistashiyo ko almon a kai. Abin da ya rage a ajiye shi cikin firji a rufe tare da ruwansa na 'yan kwanaki, a ɗan ɗumama kafin a ci.