Yadda Ake Yi wa Kai Hisabi a Zaman Aure

Malamai suna kiran wannan ibada muhasaba, kuma tushenta yana cikin aya ta 18 ta Suratul Hashri, inda aka umarci kowane rai ya dubi abin da ya gabatar domin gobe. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya kwatanta ta da zaman ɗan kasuwa da abokin tarayyarsa a kasuwanci suna duba uwar kuɗi da riba da asara. A ganina gida ya fi kasuwa buƙatar wannan lissafi, domin harshen da yake da taushi a waje sau da yawa a ɗaki yake yin kaifi. Da maigida nake magana, amma uwargida ma hanyar ɗaya ce.

Bayan sallar isha'i ka ajiye waya, ka keɓe na minti goma, ka bi yinin tun daga asuba kana tuna abin da ka faɗa mata da abin da ka hana ta, har da sakin fuska.

Nan ne wuyar take, domin laifi tudu ne, kuma zuciya za ta yi maza ta ce maka ai ita ta fara. Duk lokacin da ka ji haka ka dawo da zuciyar kan hanya, tunda littafinka ka zo dubawa, ba nata ba. Ka kira laifin da sunansa. Kada ka ce ka ɗan yi fushi, ka ce ka daka mata tsawa a gaban yara saboda abinci ya makara, alhali kai ne ba ka ba da kuɗin cefane da wuri ba. Sannan ka binciki asalin abin: girman kai ne, ko tsoron raini, ko ɓacin ran da ka kwaso daga wurin aiki? Idan haushinta ya rufe maka ido, ka tuna hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa mumini idan ya ƙi wani hali na matarsa zai yarda da wani, ka kuma ambaci halin kirkinta guda ɗaya.

Ka yi istigfari, amma ka sani haƙƙin ɗan Adam sai mai shi ya yafe. Ka same ta kafin ku kwanta, ka ce, "Na yi kuskure, ki yafe mini," ba tare da ka biyo da "amma" ba. Da safe ka gindaya wa kanka sharaɗi guda ɗaya tak, wanda za ka fara dubawa a zaman daren gobe.