Kurakuran da mutanenmu ke yi in za su bakin teku a Legas

Duk sallah sai na ga abu ɗaya yana maimaituwa a nan Agege, iyalai su haɗa kuɗi su ɗauki shatar danfo za a kai yara da baƙin da suka zo daga gida su ga teku, da daddare kuma a dawo a gajiye ana ƙorafi, wasu ma Allah ne kawai ya kiyaye ba a dawo da kuka ba. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani.

Babban kuskuren, wanda ya fi ci mini rai, shi ne ɗaukar teku kamar kogin garinmu. Yaro ya taso yana iyo a rafi ko a dam, sai ya ce ai shi ɗan ruwa ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Wannan tekun Atilantika ce, kuma gaɓar Legas igiyarta na da ƙarfi, in ta bugo ta koma sai ka ji tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Na taɓa kai ɗan yayana da ya zo hutu daga Kano, ruwa iya gwiwa ya tsaya yana dariya yana ce min Kawu ɗauke ni hoto, kafin in ɗaga waya igiya ta kayar da shi ta ja shi, wasu samari masunta ne suka riƙo rigarsa, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Abin da da yawa ba su sani ba, wurin da ka ga ruwa ya kwanta luf tsakanin igiyoyi, ya ɗan yi duhu, babu kumfa, sau da yawa nan ne hanyar da ruwa ke bi ya koma ciki da gudu, wato inda ya fi kama da lafiya nan ne haɗarin. In ya ja mutum kar ya yi kokawa da shi yana son dawowa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa, ya yi ƙoƙari ya tsaya saman ruwa ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe har ya fita daga jan. In an kafa jar tuta to ba shiga. Yara kuma a ba kowane babba nasa da suna, Hajiya riƙe waɗannan biyun, Malam ga naka, domin in aka ce kowa ya sa ido to ba wanda zai sa. Kuma don Allah iyayenmu mata a kula, zani da dogon hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi suna naɗe ƙafa, a tsaya inda ruwa ke lasar idon sawu ya wadatar.

Sai fita a makare. Mutum zai tashi daga Agege ko Mile 12 bayan azahar wai zai je Eleko ko Akodo can Ibeju-Lekki, ya manta da goslon Ajah, ya manta hanyar nan ta Lekki zuwa Epe yanzu cike take da tankoki da tireloli saboda matatar Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023. Kafin ku isa la'asar ta yi sanyi. A fita bayan asuba, a juyo kafin magariba. Kar kuma a dogara da acaɓa, tun Yunin 2022 gwamnati ta hana shi a Eti-Osa, yankin da Lekki ke ciki. Watan Yuni da Yuli ruwan sama ba ya ɗaga ƙafa, tekun ma ya fi fushi a damina, ni dai daga Nuwamba zuwa Fabrairu nake kai baƙi.

Wani abin kuma rashin sanin ina ma za a. Har yanzu akwai dattawan da ke cewa a kai su Bar Beach, ai tuni aka cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic. Wasu su ce Epe za su ganin teku, alhali Epe a bakin lagun take, ruwan kwance, abin zuwanta kasuwar kifi ta Oluwo ce, in kifi ɗanye ko banda kake so ka tafi da kula da ƙanƙara ba za ka yi nadama ba, ga masallatai ko'ina don garin Musulmi ne da yawa. Wuraren cikin Lekki kuma ranar hutu kiɗa ne da cunkoso da shaye-shaye, in da iyali kake ka tambayi wanda ya je kwanan nan, ko ka zaɓi ranar aiki.

Tarkwa Bay da Ilashe da Ibeshe sai ta jirgin ruwa. Nan kuskuren shi ne raina rigar ceto, mutum ya ɗora ta a cinya wai zafi ko za ta ɓata masa shadda. Sa ta ka ɗaure igiyoyinta, ka duba ta yaro daidai jikinsa take. In ka ga an cika jirgi fiye da kima ka sauka ko da ka biya, kuma tun da safe ku yi magana da mai jirgin ƙarfe nawa zai dawo ɗaukarku, ka karɓi lambarsa, tafiyar ruwa cikin duhu ba abin yi ba ce.

Maganar kuɗi gajera ce, a yi ciniki kafin a taɓa komai. Kuɗin shiga daban, fakin daban, rumfa da kujera daban, mai doki ka tambaye shi zuwa da dawowa ne ko zuwa kawai kafin yaro ya hau. Wasu wuraren suna cajin wanda ya shigo da abincinsa, a tambaya tun a ƙofa. Ka riƙe tsabar kuɗi don sabis na ɗaukewa tiransifa ta maƙale.

Sallah ma muna sakaci da ita a can ba dalili. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, sai dai ka ɗebo a buta kar ka tsuguna a bakin igiya ka ba ta baya. Alƙibla kuwa ba wuya, tekun tana kudu, ka sa ta a hannun damanka ka ɗan karkata hagu. Tabarma da takalma da waya a aje su can sama inda yashi ya bushe, ruwa yana cikowa, inda ka shimfiɗa da hantsi zai iya zama cikin ruwa da yamma.

Na bar Badagry ƙarshe don ita ta fi tsaya min a rai. Hanyar ita ce ta Alaba Rago har Seme, bodar Benin, shingayen jami'ai da yawa, don haka kowa ya riƙe katin shaidarsa, musamman samarinmu. Kuskuren da muke yi a can shi ne a je a yi hoto gaban tsohon gidan benen nan na tarihi da aka gina a 1845 a sha ruwan kwakwa a juyo. Ku biya mai zagayawa da baƙi ya kai ku barikin Seriki Abass, ku shiga ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan da ake tsare bayi a zamanin da, ku ɗaga sarƙar ku ji nauyinta a hannu. Sannan ku tsallaka da kwale-kwale zuwa Gberefu ku taka yashin nan a ƙafa har inda ake kira Point of No Return, wato inda in an kai bawa ba dawowa, a tafi da ruwan sha da hula don tafiya ce cikin rana. Cikin waɗanda aka kwasa daga gaɓar nan zuwa Birazil akwai Hausawa, kuma a 1835 bayi Musulmi suka yi bore a Bahiya ta can Birazil ɗin cikin watan azumi, aka samu takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ranar da na faɗa wa ɗan yayan nawa haka muna tsaye a bakin ruwan, shiru ya yi ya mayar da wayarsa aljihu, can ya ce Kawu mu yi musu addu'a, muka ɗaga hannu.